Sabuwar Gangar Birki Ta Ƙi Zama A Tsohuwar A-Kori-Kura

Tun 1967 da Peugeot ta fito da a-kori-kura samfurin 404 take jigilar hatsi da fasinjoji a ƙauyuka. An daina ƙera ta a 1991, amma har yau wasu suna bisa hanya. Abin da ke ci wa masu su tuwo a ƙwarya shi ne a sayo sabuwar gangar birki, wadda makanikai ke kira diram, ta ƙi zama.

Sau da yawa tun daga kanti ake kuskure. Ƙaramar 404 ta shiga ƙusoshi 3 ke riƙe ƙafarta, a-kori-kura kuwa 5 ne, saboda haka gangar wannan ba ta hawa waccan. Ko ramukan sun dace, sai an auna faɗin ciki da zurfi da ramin tsakiya, domin gangar da ta zauna a karkace takan sa birki rawa.

Wani lokaci kuma ganga ba ta da laifi. Tsohuwar ta cinye ta yi faɗi, an yi ta buɗa takalman birki su cim mata. Sai an mai da su ciki, an sassauta birkin hannu, an kankare tsatsa, sannan sabuwar ta shige.

To jama'a, kada a bari yaron gareji ya dosa ta da guduma, domin ƙarfen zubi ne, yana tsagewa. A tafi kanti da tsohuwar, a canja na dama da na hagu tare. Motar da ta ɗauko buhuna da rayuka ba a yi mata gwaji a gangara.