Ƙarƙashin Manyan Itatuwa: Halin da Sabara da Kalgo Suke Ciki a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da rani, ta Bakori, ba zai ce ƙasar ta rasa itatuwa ba. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya da kuka tsaye a gonaki, ga mangwaro da darbejiya a bakin kowane gari. Sai in ya sauke ido ƙasa zai lura da abin da ya ragu. Gindin yawancin waɗannan itatuwa fayau yake, babu sabara, babu kalgo, babu gwandar daji, balle ɗan tsiron ɗorawa da zai gaji uwarsa. Manyan suna tsufa, kuma kaɗan ne ke biye da su.

Masana gandun daji suna kallon daji hawa-hawa: manyan itatuwa a sama, gajeru masu rassa tun daga ƙasa a tsakiya, ciyawa a can ƙasa. Na tsakiyar nan ba su fitowa da ka. Itatuwan sama ne ke yanke musu yawan hasken da za su samu, da irin ganyen da zai zuba ya ruɓe a kansu, da ruwan da zai rage musu. A ƙasashen sanyi bambancin a bayyane yake. Dajin itatuwa masu siririn ganye irin na allura, kamar fayin, ba ya kaɗe ganye gaba ɗaya, inuwarsa ta shekara ce, ganyen da ya zuba kuma yana jinkirin ruɓewa, yana sa ƙasa tsami. Shi ya sa 'yan tsirarun tsirrai masu jure tsami ne ke zama ƙarƙashinsa. Dajin masu faffaɗan ganye kuwa yana tuɓewa da hunturu, rana ta sauka har ƙasa kafin sabon toho, ganyen ya zama taki da wuri, sai ka iske iri-iri a ƙasa. Ba sai an je Turai ba ma: a gandun Afaka da ke kusa da Kaduna an dasa fayin da itacen turare, kuma inda suka haɗe kai, ƙasansu ba ta kai ta dajin asali cika ba.

Dajin asali na kudancin Katsina na masu faffaɗan ganye ne: doka, marke, maje, taura, kaɗanya. Ruwan shekara a wajen Funtua yakan kai kimanin milimita 1,000, amma duk a watanni biyar zuwa shida yake zuba. Saboda haka a nan, ba haske kaɗai ke zaɓen wanda zai rayu a ƙasa ba. Akwai dogon rani, akwai wuta, akwai bakin dabba. Ƙaramin icen da ya ɗore shi ne wanda ya ɓoye ƙarfinsa a saiwa. Sabara, kalgo, gwandar daji da dundu duk haka suke: a sare su ko wuta ta cinye su, da zarar damina ta ƙarato sun toho daga kututture. Doka kanta ta fi yaɗuwa ta saiwa. Wasu kuma tsuntsu da jemage ne ke shuka su, domin suna cin 'ya'yan tsada ko kanya su sauka a reshe su yi kashi, irin ya faɗa inuwa mai laima. Daga nan duhuwa ke farawa a gindin babban ice, ko a kan tsohon suri inda ƙasa ta fi ƙarfi kuma wuta ba ta cika kaiwa ba. Ƙayar dundu da magarya kan tsare ɗan tsiro daga awaki har ya fi ƙarfinsu.

Noman da, bai kashe wannan tsari ba. Manomi yakan yi sassabe kafin ruwa, ya sare sabara daidai ƙasa, ya ƙone, ya yi shuka da sungumi, ya yi noma da fartanya yana kewaye kututture. Bayan girbi sabarar ta dawo, ta tare ƙurar hunturu da ganyen da iska ta kwaso. In gona ta gaji a bar ta saura, a cikin sauran nan ɗorawa da kaɗanya ke samun damar tashi.

Abin da ya sauya, a ganina, ya fi alaƙa da garma fiye da gatari. Auduga ta kawo garmar shanu ƙasar nan tun zamanin Turawa, kuma shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara da takin zamani, sabon irin masara da tarakta. Garma ba ta shiri da kututture. Wanda zai kira mai tarakta dole ya tone saiwa tukuna, kuma sabarar da aka tone ta tafi ke nan. Taki ya sa ana noma gona ɗaya kowace shekara, yawan jama'a da rabon gado suka cinye saura. Daga baya maganin feshi ya shigo, yana ƙone toho tun yana ɗanye. Itacen girki da gawayi suna da nasu kason, musamman kusa da manyan garuruwa, amma mai ƙirare yana yankan reshe ne ya bar gindi. Ba a nan babbar asarar take ba.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu. Ƙasar Funtua, Bakori, Dandume da Ƙafur ta zama rumbun masara, dawa da waken suya, kuma kasuwar hatsi ta Dandume shaida ce. Babu mai hankalin da zai ce a koma noman sungumi. Tambayar ita ce me aka biya, kuma wa ya biya. Ƙasar da ba ta da abin rufi da rani, ruwan farko ke wanke ta, ta daskare ta zama fako, kwazazzabo ya buɗe. Makiyayi ya rasa 'ya'yan kalgo da ganyen da dabba ke lallaɓawa da su a ƙarshen rani. Mata sun ƙara nisa wajen neman ƙirare, mai magani yana sayen sabarar da a da yake tsinka a bayan gida. Binciken da aka yi a Senegal, aka buga a 2018, ya nuna cewa sabara tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi, ta sake shi da dare kusa da sama, geron da ke gefenta ya sha. Ashe abin da ake tonewa a matsayin datti yana yi wa gona ban-ruwa.

Gurbin da aka bari bai zauna wofi ba. Darbejiya, baƙuwa daga Indiya, ita ce yanzu ke tsirowa a gindin tsamiya da kuka, domin jemage na son 'ya'yanta, kuma tana jure inuwa. Tumfafiya ta kama wuraren da ƙasa ta mutu. A gonakin turare da mutane ke dasawa don katakon rufi, ƙasan kusan a share take: an dasa su kusa-kusa, suna shan ruwa da yawa, ganyensu ba ya saurin ruɓewa. Kuɗi ne mai kyau ga mai shi, amma kada a kira shi daji.

Sai kuma abin da ba a so a faɗa. Inda ƙananan itatuwa ke dawowa da ƙarfi a yau shi ne inda mutane suka gudu: gonakin da rashin tsaro ya hana nomawa a sassan Faskari, Sabuwa da Dandume. Dajin Kogo, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin sababbin gandayen ƙasa goma da ta amince da su a 2020, yana wannan yanki. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ba don kishin sabara ba, don matsalar tsaro. Sakamakon rashin tsaron, ga mutumin ƙauye duhuwa ta zama maɓoyar ɗan bindiga, kuma wanda ya share ta a bakin hanya ba za a ga laifinsa ba. Duk mai kiran a bar tsiro, sai ya fara amsa wannan tsoro.

Shi ya sa nake ganin gona ce wurin gyara, ba ƙungurmin daji ba. A Maraɗi ta Nijar, tun daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka nuna cewa in an zaɓi toho biyu ko uku a kan kututture aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. An ƙiyasta cewa haka ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Amma ƙasar Maraɗi jigawa ce ta gero da haiwa, kututturanta suna nan da rai. A Funtua, gonar da tarakta ta shekara ashirin tana bi, babu abin da zai toho a tsakiyarta. Abin da ya rage yana kan iyakokin gonaki, bakin rafuka, gefen burtali, kan suri da maƙabartu, kuma waɗannan ne wuraren da ake ci da garma taku ɗaya kowace damina. Masu rabon dashe a kowace shekara suna ƙidaya darbejiya da turaren da suka raba, amma ba su da littafin da ake rubuta kalgon da aka bari.