Yadda tauraro ke ɓacewa a cikin kwamfuta

Duk mai sayen masara a kasuwar Funtuwa ko Malumfashi ya san tiyar wani gari ba lallai ta zo daidai da ta wani ba. In ka auna buhu da ma'aunin da ba nasa ba, hatsin na nan, lissafi ne ya lalace. Haka take faruwa ga masu nazarin pulsar.

Pulsar ragowar mataccen tauraro ne mai juyawa da sauri, yana aiko igiyar rediyo a kan ƙa'ida kamar bugun zuciya. Jocelyn Bell ce ta fara gano shi a Ingila a 1967. Farantin rediyo irin na Kuntunse a Ghana, mai faɗin mita 32, yana kama siginar, sannan a juya bayanan daga wani tsarin fayil zuwa wani, misali zuwa PSRFITS, kafin manhaja ta karanta.

A nan ake tuntuɓe. Igiya mai gajeren zango takan riga mai dogon zango isowa, manhaja ce ke daidaita tazarar. Idan wajen juyawa aka jera zangunan a baibai, gyaran sai ya zama ɓarna, bugun ya narke cikin hayaniya. Shi ya sa gwanaye kan fara gwaji da sanannen pulsar mai ƙarfi irin Vela. In bai fito ba, sai a koma kan fayil.

Ko manya ba su tsira daga kuskuren lissafi ba. A 1991 Andrew Lyne ya sanar da gano wata duniya mai kewaya pulsar, a 1992 ya janye da kansa: kuskure ne a lissafin zagayen duniyarmu.