Cameron Myers: Agogo Ya Ba da Shaida, Saura Fagen Gasa

Ranar Asabar 8 ga Fabrairu 2025, a rufaffen filin wasa na Armory da ke birnin New York, hankalin ’yan kallo duk yana kan Yared Nuguse na Amurka, kuma bai ba su kunya ba. Ya gama tseren mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 46.63, gudun da ba a taɓa yin irinsa a rufaffen fili ba kafin wannan rana. Ɗan ƙasarsu Hobbs Kessler ya rufa masa baya da 3:46.90. Amma wanda ya kamata mai bin wannan wasa ya riƙe sunansa shi ne na uku, wani matashi daga Kanbera, babban birnin Ostireliya, mai suna Cameron Myers. Shekararsa 18 da wata takwas, ya gama a 3:47.48, kusan mita shida bayan Nuguse.

Har zuwa wannan rana, babu ɗan ƙasa da shekara 20 da ya taɓa gudun mil da irin wannan sauri, ko a rufaffen fili ko a buɗaɗɗe. Lokacin ya kuma yi daidai da bajintar ƙasar Ostireliya ta manya, wadda Oliver Hoare ya kafa a Oslo a 2022. Duk wannan a farkon kakar wasa, lokacin da yawancin ’yan tsere suke ɗumama jiki.

Mene ne 3:47.48?

Dattawanmu sun san mil tun zamanin da ake auna hanya da shi kafin zuwan kilomita. Tsawonsa mita 1,609 da ’yan kai. Wanda zai cinye shi cikin 3:47.48 sai ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 14 da ɗigo ɗaya, ya maimaita sau 16 a jere ba tare da ya tsaya shaƙar iska ba. Saurin ya zarce kilomita 25 a awa ɗaya. Yawancin samari masu jin ƙarfi, ko da ’yan ƙwallo ne, da ƙyar za su iya riƙe wannan sauri na rabin minti.

Abin da ya sa mil yake da wuya shi ne yana tsakanin gudu iri biyu. Ya fi ƙarfin mai gajeren zango da ke dogara da ƙarfin tsoka, ya kuma fi saurin mai dogon zango da ke dogara da juriyar zuciya da huhu. Mafi yawan ƙarfin da jiki ke kashewa a cikinsa daga iskar da ake shaƙa yake fitowa, amma saurin ya wuce abin da iskar kaɗai za ta iya ɗauka. Sai tsoka ta ci bashi, tsami ya taru a cikinta, ƙafafu su yi nauyi daidai lokacin da ake buƙatar su ƙara wuta. Shi ya sa gwanayen wannan tsere sukan kai ganiyarsu bayan sun haura shekara ashirin da ’yan kai, bayan shekaru na gina zuciya da huhu.

Sai a ranar 6 ga Mayu 1954 ɗan Adam ya fara gudun mil ƙasa da minti huɗu, lokacin da Roger Bannister ya yi 3:59.4 a Oxford ta Ingila. Da za a haɗa gudun nan nasa da na Myers a fage ɗaya, da matashin ya ba shi tazarar kusan mita 80. Kwana 46 kacal bayan Bannister, wani ɗan Ostireliya, John Landy, ya karɓe bajintar a Turku ta ƙasar Finland. Bayansa Herb Elliott ya zo, ya yi 3:54.5 a Dublin a 1958, ya ci zinaren mita 1,500 a gasar Olamfik ta Roma a 1960. Ashe Myers ba daga sama ya faɗo ba, gado ya tarar a gida.

Tafiyar shekara biyu

An haifi Myers a watan Yunin 2006. Duniya ta fara jin sunansa a Fabrairun 2023, sa’ad da ya yi 3:55.44 a Melbourne yana ɗan shekara 16. A lokacin, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa sauka ƙasa da minti huɗu yana ƙasa da shi a shekaru, wato Jakob Ingebrigtsen na Norway, kuma da kwana tara kawai ya riga shi. A watan Yulin shekarar ya yi mita 1,500 cikin 3:33.26 a ƙasar Poland.

Shekarar 2024 ta zo masa da darasi. Kowace ƙasa mutum uku take iya turawa a tsere ɗaya, kuma Ostireliya ta zaɓi Hoare da Stewart McSweyn da Adam Spencer zuwa Olamfik ta Paris, aka bar shi a gida. Ya tafi gasar duniya ta ’yan ƙasa da shekara 20 a Lima ta ƙasar Peru, ya samu azurfa a bayan Abdisa Fayisa na Habasha. A nan aka ga cewa mallakar lokaci mai kyau a takarda ba ya ba mutum zinare.

A watan Janairun 2025 ya bar zafin bazarar ƙasarsu ya shiga sanyin Amurka. Ranar 25 ga watan, a filin Armory ɗin dai, ya yi 3:53.12, ya kafa tarihin matasa na rufaffen fili. Mako biyu bayan haka ya zabge daƙiƙa biyar da rabi daga wannan lokaci. Kuma ba a ƙaramin fage ya yi ba. Gasar Millrose ce, wadda ta faro tun 1908, tseren mil ɗinta mai suna Wanamaker kuma tun 1926 ake yin sa. Eamonn Coghlan na Ireland ya ci shi sau bakwai, Bernard Lagat sau takwas. Yaro ya tsaya a irin wannan dandali, kusa da Nuguse, wanda ya ci tagulla a Paris, bai razana ba, wannan kansa shaida ce a kan zuciyarsa.

A auna abin da ma’aunin zamani

Adalci ne a faɗi cewa gudun yau yana da mataimaka. Da’irar rufaffen fili mita 200 ce, rabin ta waje, don haka mil zagaye takwas ne da ’yan mitoci. An ɗaga kwanoninta sun karkata ciki, domin mai gudu ya sha kwana ba tare da rage sauri ba. Babu iska mai turo mutum baya, babu ruwan sama, babu rana. Takalman zamani suna ɗauke da soso mai mayar da ƙarfin taku da wani faranti mai tauri a tafinsu, har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin kada ya wuce milimita 20 a tseren fage. Ga kuma ɗan jagora, wanda ’yan wasa ke kira zomo, da ake ɗauka ya ja tseren a ƙayyadadden sauri, ya kauce idan an yi nisa.

Sakamakon haka a bayyane yake. Bajintar rufaffen fili ta 3:48.45 da Hicham El Guerrouj na Maroko ya kafa a 1997 ta shekara 22 kafin Yomif Kejelcha na Habasha ya karya ta da 3:47.01 a Boston a 2019. Ta Nuguse kuwa kwana biyar ta yi a duniya. Ranar 13 ga Fabrairu, a Liévin ta Faransa, Ingebrigtsen ya yi 3:45.14. Saboda haka kuskure ne a ɗora lokacin Myers a kan na Elliott a ce ya fi shi. Amma kuskure ne kuma a ce aikin takalmi ne, domin duk wanda ya shiga tseren na New York irin takalmin yake sanye da shi, kuma mutum biyu ne kawai suka riga matashin.

Tseren agogo daban, tseren lamba daban

A gasar duniya da Olamfik ba a yin mil, mita 1,500 ake yi, kuma babu zomo. Sai mutum ya tsallake zagayen farko da na kusa da ƙarshe cikin ’yan kwanaki kafin ya kai na ƙarshe. Wani lokaci a fara a hankali ana kallon-kallo, ana gogayyar kafaɗa, ana tsare wa juna hanya, sai a mita 300 na ƙarshe wuta ta tashi. Wanda bai san inda zai tsaya ba, ko ya bari aka kulle shi ta ciki, ƙarfinsa ba zai amfane shi ba. Ingebrigtsen kansa, duk da saurinsa, ya sha kaye a hannun Jake Wightman a 2022 da Josh Kerr a 2023, a Paris kuma ya ƙare na huɗu, Cole Hocker ya tafi da zinaren. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tarihin yaran da suka yi fice da wuri ma yana da fuska biyu. Jim Ryun na Amurka ya kafa tarihin duniya da 3:51.3 a 1966 yana ɗan shekara 19, amma Kipchoge Keino na Kenya ya doke shi a Meziko a 1968, ya kuma faɗi a zagayen farko a Munich a 1972. Alan Webb ya yi 3:53.43 yana ɗan sakandare a 2001, ya kai 3:46.91 a 2007, amma ya gama wasa babu lambar Olamfik ko ta gasar duniya. A ɗaya ɓangaren ga Ingebrigtsen da ya ci zinaren Tokyo yana ɗan shekara 20. Ga kuma El Guerrouj, wanda ya kafa bajintar duniya ta 3:43.13 a 1999, wanda ya faɗi a Atlanta a 1996, Noah Ngeny ya ƙwace masa zinare a Sydney a 2000, sai a Athens a 2004 ya samu biyu yana gab da shekara 30. Haƙuri ne ya kai shi.

Babban abin tsoro ga matashi irin Myers shi ne gaggawa. Idan suna ya fita, gayyata takan yi yawa, kuɗi su shigo, a riƙa jiran sabuwar bajinta a kowane tsere. Ƙashi da jijiyar ɗan shekara 18 kuwa ba su gama ƙwari ba, kuma rauni ɗaya a agara ko a ƙashin ƙauri yana iya cinye kaka guda. A nan yana da abin dogaro. Mai horar da shi, Dick Telford, masanin kimiyyar motsa jiki ne da ya daɗe a cibiyar wasanni ta ƙasar da ke Kanbera, kuma ya horar da Lisa Ondieki, wadda ta ci azurfar gudun fanfalaki a Seoul a 1988. Irin wannan dattijo ya san cewa sannu ba ta hana zuwa.

A ganina, abin da Myers ya yi a New York ya isa a ce yana cikin mafiya baiwa da tseren mil ya taɓa gani a irin shekarunsa. Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Abin da ya rage shi ne ya koyi cin tseren da babu zomo, ya tsare lafiyar jikinsa, waɗanda ke kewaye da shi kuma su ƙyale shi ya nuna a kan lokacinsa. Kada a yanke masa hukunci da kaka ɗaya, ko ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. A gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 zai kasance ɗan shekara 22, daidai shekarun Herb Elliott a Roma. A 2032 kuma, idan Allah ya kai mu, gasar za ta je Brisbane, a ƙasarsu, yana da shekara 26.