Rarrabe Jinsunan Baƙin Ƙuda ta Hanyar Nazarin DNA

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ya sa masana suke wahalar da kansu wajen rarrabe ƙudajen da ido ke gani iri ɗaya. Baƙin ƙuda, wanda ake kira Simulium damnosum a kimiyyance, yana hayayyafa ne a ruwa mai gudu. Tun 1926 Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa shi ke yaɗa tsutsar da ke haddasa makantar kogi.

2.0 Hanyar Farko

Da can an ɗauka jinsi guda ne. A 1975 Vajime da Dunbar suka nuna cewa a Afirka ta Yamma jinsuna ne da dama masu kama da juna. Sun gano haka ne ta duba tsarin kuromosom, wato zaren gado, a jakar yawun 'ya'yan ƙudan da ke cikin ruwa. Bambancin kuwa ba na wasa ba ne. Alal misali, sirbanum da damnosum na ainihi su ke zaune a ƙasashen sarari, inda makanta ta fi tsanani, kuma iska kan kwashe su tafiyar ɗaruruwan kilomita. Su kuwa yahense da squamosum sun fi son ƙoramun kurmi da na tsaunuka.

Sai dai wannan hanya tana da gibi. A jikin 'ya'yan ake karanta zaren, alhali kuwa macen da ta girma ita ke cizon mutum.

3.0 Hanyar DNA

Nazarin DNA ya rage wannan gibi, domin gadon da ke jikin ɗa shi ne a jikin babba. Akan ciro DNA daga jikin ƙuda, a riɓanya wani yanki nasa ta dabarar PCR, sa'an nan a karanta jerin harufansa a gwada da na ƙudajen da aka riga aka sani. A 2003 Hebert ya ba da shawarar amfani da yankin COI, mai harufa wajen 650, a matsayin shaidar jinsi. Haka kuma, da yankin O-150 akan bambanta tsutsar ɗan Adam da 'yar'uwarta ta shanu a cikin ƙuda, abin da madubi ba ya iya yi da sauƙi.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne mu yi hattara. Jinsunan da suka yi kusa ƙwarai a dangantaka, sau da yawa COI ba ya raba su, don haka har yanzu ana komawa ga zaren gado. Hanyoyin biyu abokan tafiya ne. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka. Tunda ƙuda bai san iyakar ƙasa ba, tsare wannan nasara yana bukatar mu san wane jinsi ne ya sauka a bakin kogi, kuma me ya ɗauko.