Abubuwan da ya kamata ka sani idan jikin majinyaci ya yi tsanani a asibiti

Duk wanda ya taɓa jinya a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san lokacin da likita ke cewa "sai dai a wuce da shi Gusau". Nan take dangi za su shiga neman mota da kuɗi, a yi ta tambayar ko hanya lafiya. Tambayar da aka fi mantawa ita ce: me za a yi masa a can wanda ba za a iya yi a nan ba?

Me sashen kulawa ta musamman yake yi?

Sashen da ma'aikatan asibiti ke kira ICU aikinsa ya riƙe rai har jiki ya farfaɗo. Akwai na'urar da ke yi wa mutum numfashi, da magungunan da ke ɗaga jinin da ya faɗi, da ma'aikacin jinya a kansa dare da rana. Sai dai na'urar ba ta warkar da ciwon da ya kwantar da shi. Idan huhu ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa za su iya dawowa, tafiyar ta yi amfani. Idan sun riga sun lalace, wahala kawai ake tsawaitawa. Mutanen yammacin Zamfara kan nemi irin wannan kulawa a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Darasin gubar dalma

A 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya shafe ta. A lokacin ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma na shiga jikin yara, sai jijjiga da suma. Sama da yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, kuma maganin da ke fitar da dalma daga jini ya ceci dubbai. Amma bai gyara ƙwaƙwalwar da guba ta riga ta taɓa ba. Iyaye da yawa a nan sun ga iyakar magani da idonsu.

Idan likita ya ce babu sauran dabara

Wannan ba ya nufin jinya ta ƙare. Rage zafin ciwo da sauƙaƙa numfashi su ma aikin asibiti ne. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne mofin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mutane na ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da kayan maye, wasu kuma na tsoron mofin zai gaggauta ajali. In likita ne ya auna shi, sauƙi yake kawowa.

Al'adarmu ta cewa "da sauƙi" ko da mutum na gargara tana da kyau wajen gaisuwa, amma a gaban likita cutarwa take yi. A zaɓi mutum ɗaya daga dangi ya zauna da shi ya ce, "Likita, don Allah ka faɗa mana gaskiya, akwai sa rai?" Kuma kada a bar uwar yaro ko matar majinyaci a waje maza su yanke hukunci su kaɗai, ita ce ta kwana a kansa.

Cire na'ura kisa ne?

A 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta yanke cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba kuma za ta dawo ba, ya halatta a cire na'urar. Ba da magani da niyyar ɗauke rai kuwa haramun ne, dokar Najeriya ma ba ta yarda da shi ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya haɗa malaminsa da likitan su yi magana.

Abin da mai jinya zai iya yi

Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kunu ko rubutu, domin zai iya ƙwarewa abin ya gangara huhu. A jiƙa auduga a riƙa shafa masa a leɓe. A juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Kakarin da ake ji a maƙogwaro majina ce da ya kasa haɗiyewa, kwantar da shi ta gefe yana ragewa. A riƙa ambaton kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, ba tare da matsa masa sai ya maimaita ba.

Idan dangi suka zaɓi komawa gida da shi, kada a fice da dare ba sallama. A karɓi maganin rage zafi, a sa ma'aikacin jinya ya nuna yadda ake ba da shi, da awa nawa ake bari tsakani.