Dalar Gyaɗa: Tambayoyin Da Masu Gyaran Wikipedia Ke Yi Wa Tsohon Hoto

Daga wakilinmu

Da wuya a sami ɗan makaranta ko ma'aikacin gwamnati a Jihar Kano wanda bai taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ba, watau tarin buhunan nan da aka jera suka yi tsini sama, ga leburori suna hawa da buhu a ka. Ko a bayan takardar naira 200 da aka fitar a shekarar 2000, mai ɗauke da hoton Sardauna, akwai zanen dalar buhuna. Yau kuwa ɗalibin da ke neman labarinta yakan fara ne da Wikipedia, kundin sani na intanet da aka kafa a 2001, wanda masu aikin sa kai ke rubutawa, su kuma duba aikin juna ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Ƙa'idar waɗannan masu gyara ita ce, kowace magana sai an nuna littafi ko jarida ko mujallar da ta fito daga ciki. Idan hoto ne kuma, sai a tambayi wanda ya ɗauka, da shekarar, da wurin, da kuma ko doka ta yarda a yi amfani da shi. Wannan tambaya ta wuri tana da muhimmanci, domin ba a birnin Kano kaɗai aka yi dala ba. An yi a Ƙofar Mazugal, an yi a Malam Madori da wasu garuruwan, saboda haka rubuta "Kano" a ƙarƙashin kowane hoto yana iya zama kuskuren da ɗalibai za su yi ta kwafa.

Akwai abin da ba a gardama a kansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ake dangantawa da fara wannan jeri, kuma dala ɗaya takan ci buhu har 15,000.

Inda aiki yake shi ne ma'anar hoton. Mafi yawan jama'a suna kallonsa a matsayin alamar arziki kawai. Amma mai gyaran da ya bi tarihi zai tarar cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu dala ta yawaita ne saboda ƙarancin taragu da kawunan jirgi, har gyaɗa takan daɗe a jibge tana jiran a kai ta Ikko. Har ila yau, daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashi, kuma sau da yawa abin da manomi ke karɓa bai kai farashin kasuwar duniya ba. Labarin da ya faɗi tsayin dala ya yi shiru a kan waɗannan, rabin gaskiya ya faɗa.

A nan ne maganar ta shafi Shanono da maƙwabtanta irin su Gwarzo da Ɓagwai. Hoton ya nuna buhu da lebura, amma bai nuna manomin da ya yi huɗa da noma da cira ba, bai nuna matan da suka ɓare gyaɗar ba, bai kuma nuna jakunan da suka kai ta wurin sikeli ba. Dattawan karkara suna riƙe da wannan labari, tare da labarin farin 1973 da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, abubuwan da suka taimaka wajen ƙarewar dalar tun kafin a rushe hukumomin ciniki a 1986. Sai dai ƙa'idar kundin ba ta karɓar "na ji daga bakin kakana". Abin da ba a buga ba, ba ya shiga, ko da kuwa gaskiya ne.

Wannan ƙa'ida tana tsare mai karatu daga ji-ta-ji-ta, amma tana barin manomi a waje muddin ba a rubuta abin da ya sani ba. Saboda haka nauyi yana kan ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejoji su je ƙauyuka su ɗauki bayanin dattawa, su sa a buga shi. Haka kuma ma'aikatan da ke kula da tsofaffin fayiloli da hotuna, musamman a Gidan Makama da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, ya kamata su riƙa rubuta suna da wuri da shekara a jikin kowane hoto. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, waɗanda suka noma gyaɗar dala kuwa kullum raguwa suke yi.