Neman Ƙwayoyin Gadon Amosanin Gaɓɓai: Wace Hanya Ta Fi?

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Wanda wannan maƙala za ta duba shi ne wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita, har yatsu su kumbura su karkace. Ya fi kama mata, kuma yakan bi dangi. To, ta yaya masana ke gano ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki? Da lissafi suke yi, kuma hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ta 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, masu fama da cutar. A bisa ƙa'ida, rabin abin da suka gada iri ɗaya ne. Idan aka tara ɗaruruwan irinsu, aka ga a wani gurbi tarayyarsu ta zarce rabi, sai a zargi gurbin. Wannan hanya takan nuna yankin HLA da ke kan kuromosom na 6 ƙarara, inda ƙwayar HLA-DRB1 take. Sai dai tamkar taru mai manyan idanu ce: babban kifi kawai take kamawa.

Ta biyu, wadda Spielman da abokan aikinsa suka fito da ita a 1993, tana duba uwa da uba da ɗansu maras lafiya, a ƙirga wane nau'in ƙwaya iyaye suka fi miƙa masa. Amfaninta shi ne bambancin asalin jama'a ba ya ruɗa ta. Amma a ganina nan gizo ke saƙa, domin cutar takan bayyana ne bayan mutum ya manyanta, lokacin da sau da yawa iyayen sun riga mu gidan gaskiya. Jinin wa za a ɗiba?

A 1996 Risch da Merikangas suka nuna cewa ƙwayoyi masu ƙaramin tasiri sun fi saurin bayyana a hanyoyin da ke ƙirga nau'in ƙwayar kai tsaye. Ta hanyar kwatanta majinyata da masu lafiya aka gano PTPN22 a 2004, kuma a 2014 wani bincike kan mutane sama da 100,000 ya kai adadin gurabun zuwa 101. Sai dai Turawa da mutanen Asiya aka auna a wannan binciken, alhali nau'in PTPN22 da ke ƙara haɗari ga Turawa da wuya a same shi a jikin mutanen Afirka.